Dalilin da ya sa wasu bidiyoyin intanet ba sa buɗuwa a tabilet, da haɗarin saƙon "sanya Flash Player"

Masu amfani da intanet tsakanin shekarar 2005 da 2015 za su tuna da wani fili da kan fito wayam a tsakiyar shafi, daidai wurin da ya kamata bidiyo ya bayyana, tare da saƙon cewa sai an sanya manhajar Flash Player kafin a iya kallo. A kwamfutar tebur ko ta tafi-da-gidanka, warware matsalar ba ya wuce 'yan mintoci. A tabilet kuwa, musamman iPad, babu inda mutum zai danna ya samu biyan bukata.

Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba, 2020, amma har yanzu irin wannan saƙo na faɗo wa masu tabilet da wayoyin hannu. A yau ma'anarsa ɗaya ce cikin biyu: ko dai shafin tsoho ne da masu shi suka yi watsi da shi, ko kuma tarko ne na masu kutse da ke neman shiga asusun banki. Sanin tarihin manhajar shi ne ke taimaka wa mutum ya gane abin da ke gabansa.

Mene ne filogin?

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Safari da Firefox. A farkon zamanin intanet aikinta bai wuce nuna rubutu da hotuna ba. Ba ta san yadda ake kunna bidiyo ko sauti ba, kuma ba ta iya gudanar da wasa ko zane mai motsi.

Don cike wannan giɓi ne aka ɓullo da filogin, wato wata manhaja ta daban da ake jona wa burauza. Idan burauzar ta iso wani sashe na shafi da ba ta iya nunawa, sai ta ware wa filogin ɗin fili mai kusurwa huɗu, ta bar masa ya yi aikinsa a ciki. Kamfanin Netscape ne ya fito da tsarin haɗin da akasarin filogin suka bi, wanda ake kira NPAPI, a tsakiyar shekarun 1990.

Filogin da suka yi suna sun haɗa da RealPlayer da QuickTime na kamfanin Apple da Java, sai Silverlight da kamfanin Microsoft ya fitar a 2007, wanda Netflix ya yi shekaru yana amfani da shi wajen nuna finafinai a kwamfuta. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kai Flash yaɗuwa.

Yadda Flash ya mamaye intanet

Asalin Flash wata manhajar zane ce mai suna FutureSplash Animator, wadda wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka ya fitar a 1996. A ƙarshen shekarar kamfanin Macromedia ya saye ta ya raɗa mata suna Flash. A 2005 kuma Adobe ya sayi Macromedia baki ɗaya a kan kimanin dala biliyan 3.4.

A wannan shekarar ce aka kafa YouTube, kuma da Flash ya soma nuna bidiyoyinsa. Dalilin zaɓen a fili yake. Kafin lokacin, mai son kallon bidiyo sai ya fara tantance ko fayil ɗin na RealPlayer ne ko na QuickTime ko na Windows Media, sannan ya nemo manhajar da ta dace. Flash kuwa yana cikin kusan kowace kwamfuta, har Adobe ya riƙa iƙirarin cewa ya shiga kusan kashi 99 cikin 100 na kwamfutocin da ke haɗe da intanet.

Daga nan sai gidajen jaridu da na talabijin da masu talla da makarantu suka rungume shi. Wasan FarmVille da ya ɓulla a Facebook a 2009 da Flash aka gina shi. Haka ma darussa masu zane da sauti da ake koyar da lissafi da kimiyya, da fom-fom na wasu hukumomi da bankuna.

Lokacin da iPad ta ƙi karɓarsa

Wayar iPhone ta fito a 2007 ba tare da Flash ba, amma batun bai ɗauki zafi sosai ba sai a ranar 27 ga Janairu, 2010, lokacin da shugaban Apple, Steve Jobs, ya gabatar da iPad a birnin San Francisco. Yana cikin nuna shafin jaridar New York Times sai aka ga wata 'yar alama shuɗiya a gurbin da ya kamata abin da aka yi da Flash ya fito. An tallata na'urar a matsayin hanya mafi kyau ta yawo a intanet, ga shi kuma wani babban ɓangare na intanet ɗin ba ya buɗuwa a cikinta.

A ranar 29 ga Afrilu, 2010, Jobs ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa inda ya zayyana dalilansa. Ya ce Flash mallakar kamfani ɗaya ne, ba buɗaɗɗen tsari ba ne da kowa ke da ta cewa a kai. Ya ce tarihinsa a fannin tsaro ba shi da kyau, kuma shi ne babban dalilin da ke sa kwamfutocin Mac tsayawa cak.

Ya kuma kawo batun batir. A cikin wayoyi da tabilet akwai wani ɗan sashe da aka ƙera musamman don warware bidiyo mai tsarin H.264, wanda ke aikin da ƙarancin wuta. Akasarin bidiyoyin Flash na wancan lokaci ba sa bi ta wannan sashe, sai dai su ɗora nauyin a kan babbar ƙwaƙwalwar na'urar. A cewar Jobs, iPhone na iya kunna bidiyo na tsawon awa 10 ta hanyar farko, amma ta hanya ta biyu ba ta kai awa biyar.

Wani dalilin ya shafi yatsa. An tsara shafukan Flash ne don linzamin kwamfuta, inda jerin zaɓi kan buɗe da zarar an kai kibiya kansa ko da ba a danna ba. A allon taɓawa babu kibiya, saboda haka irin waɗannan shafuka sai an sake gina su ko da na'urar ta karɓi Flash.

Shugaban Adobe, Shantanu Narayen, ya musanta zarge-zargen, yana mai cewa batun fasaha fakewa ce kawai, ainihin abin da Apple ke karewa shi ne kasuwarsa. Masu sharhi da dama sun ga ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin wasannin Flash kyauta ne a burauza, alhali a lokacin Apple na karɓar kashi 30 cikin 100 na kuɗin duk manhajar da aka sayar a shagonsa na App Store.

Gwajin Android da BlackBerry

Abokan hamayyar Apple sun mai da wannan giɓi abin talla. A tsakiyar 2010 Flash Player 10.1 ya iso wayoyi masu Android 2.2, kuma tabilet ɗin Galaxy Tab na Samsung da ya fito a ƙarshen shekarar yana buɗe shi. Motorola Xoom da BlackBerry PlayBook, waɗanda suka shigo kasuwa a 2011, su ma an tallata su da cewa suna nuna intanet cikakke.

A aikace sakamakon bai gamsar ba. Bidiyo kan riƙa sarƙewa, na'ura ta ɗau zafi, batir ya zube da wuri, maɓallan da aka zana don linzami kuma su yi wa yatsa ƙanƙanta. Bugu da ƙari, dole ne Adobe ya daidaita manhajar da kowane irin sabon samfurin na'ura da ke fitowa, kuma samfuran Android ba su da iyaka.

A ranar 9 ga Nuwamba, 2011, Adobe ya sanar da cewa ya daina haɓaka Flash na wayoyi da tabilet, yana mai amincewa cewa HTML5 ne ya fi dacewa da su. Fitowa ta 11.1 ita ce ta ƙarshe. Android 4.1 da ya zo a 2012 ba ya cikin waɗanda aka amince Flash ya yi aiki a kansu, kuma daga ranar 15 ga Agusta, 2012 aka daina barin sababbin na'urori su sauke shi daga shagon Google Play.

Wannan kwanan wata na da muhimmanci ga mai tabilet a yau. Ma'anarsa ita ce babu wani sahihin Flash Player na Android da aka ƙera don na'urorin da suka fito bayan 2012, kuma ba a taɓa yin na iPad ba ko sau ɗaya.

Dabarun zagaye

A shekarun da shafuka da yawa ke dogaro da Flash, wasu kamfanoni sun samar da hanyar zagaye. Burauzar Skyfire, wadda ta shiga App Store a Nuwamba 2010, takan aika adireshin bidiyon zuwa manyan kwamfutocin kamfaninta, a can a sauya shi zuwa tsarin da iPhone ko iPad ke ganewa, sannan a dawo da shi.

Burauzar Puffin ta kamfanin CloudMosa ta ɗauki wani salon. Shafin gaba ɗaya a kan kwamfutocin kamfanin yake buɗuwa, har da Flash ɗin, abin da ke isowa tabilet hotonsa ne kawai. Wannan ya ba da damar yin wasanni, sai dai yana buƙatar intanet mai ƙarfi. Yana kuma nufin duk abin da mutum ya rubuta a shafin, har da kalmar sirri, sai ya ratsa ta hannun wani kamfani kafin ya isa inda aka nufa.

Abin da ya maye gurbinsa

Maganin dindindin shi ne a koya wa burauza kunna bidiyo da kanta, kuma abin da HTML5 ya yi ke nan. HTML shi ne harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi. A zubi na biyar an sanya umarni na musamman don bidiyo da sauti da zane, ta yadda ba a buƙatar wata manhaja daga waje. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da shi a hukumance a Oktoba 2014.

YouTube ya fara gwajin HTML5 tun a Janairu 2010, amma sai a Janairu 2015 ya mai da shi babbar hanyarsa. Jinkirin ya faru ne saboda akwai abubuwa biyu da Flash ke yi waɗanda sai da aka samar musu da madadi.

Na farko shi ne daidaita bidiyo da ƙarfin intanet. A tsarin HLS da Apple ya fitar a 2009, da takwaransa MPEG-DASH, ana yanka bidiyo gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye kowane gutsure a matakan inganci daban-daban. Idan intanet ya yi rauni sai na'urar ta ɗauko mai ƙaramin inganci, idan ya dawo ta koma babba. Shi ya sa hoto kan dusashe na ɗan lokaci sannan ya washe, maimakon ya tsaya gaba ɗaya.

Na biyu shi ne kare finafinai daga satar fasaha. Kamfanonin fim ba sa yarda a nuna hajarsu sai da makulli. A yau wannan makulli yana cikin na'urar ko burauzar tun daga masana'anta: Widevine na Google, FairPlay na Apple da PlayReady na Microsoft.

Matsalar tsaro da ƙarshen Flash

Abin da ya hanzarta mutuwar Flash a kwamfutoci shi ne tsaro. Filogin na gudanar da umarnin da ya zo daga shafin intanet kai tsaye a cikin na'ura, don haka duk wata ɓaraka a cikinsa ƙofa ce ga masu kutse. Kasancewarsa a kusan kowace kwamfuta ya sa ɓaraka ɗaya tak na iya shafar miliyoyin mutane.

A Yuli 2015 aka yi wa kamfanin Hacking Team na Italiya kutse, kamfanin da ke sayar wa gwamnatoci manhajojin leƙen asiri. Cikin bayanan da aka fallasa har da ɓarakokin Flash da ba a san da su ba. Kamfanin Mozilla ya toshe Flash a Firefox na wucin gadi, shugaban sashen tsaro na Facebook a lokacin, Alex Stamos, kuma ya yi kira ga Adobe ya sanya ranar da zai kawo ƙarshensa. A Satumbar shekarar Chrome ya cire tsarin NPAPI, abin da ya rufe ƙofa ga Java da Silverlight.

A ranar 25 ga Yuli, 2017 Adobe, tare da Apple da Google da Microsoft da Mozilla da Facebook, suka sanar da cewa Flash zai zo ƙarshe a 2020. Google ya bayyana a lokacin cewa shekara uku kafin nan kashi 80 cikin 100 na masu Chrome a kwamfuta kan ziyarci shafi mai Flash kowace rana, amma adadin ya sauko zuwa kashi 17. Daga ranar 12 ga Janairu, 2021 manhajar da kanta ta daina buɗe komai. Tallafin Silverlight shi ma ya ƙare a Oktoba 2021.

Duk da wa'adin fiye da shekara uku, akwai waɗanda suka tsaya fafe gora ranar tafiya. Hukumar tara haraji ta Afirka ta Kudu, SARS, ta wayi gari wasu fom-fom ɗinta na intanet ba sa buɗuwa, har sai da ta fitar da burauza tata ta musamman a Janairu 2021 domin masu biyan haraji su iya cike su.

Tsofaffin darussa da wasanni

Rufe Flash ya jefa ayyukan fiye da shekara 20 cikin haɗarin ɓacewa. Masu aikin sa kai sun ƙirƙiro Ruffle, manhajar da ke kwaikwayon Flash a cikin burauzar zamani ba tare da filogin ba. Ma'adanar Internet Archive ta fara amfani da ita a Nuwamba 2020. Idan mai shafi ya sanya Ruffle a shafinsa, abin da ke ciki na iya buɗuwa har a tabilet ba tare da mai kallo ya sauke komai ba, ko da yake ba kowane fayil ne ke aiki daidai ba. Wani shirin mai suna Flashpoint ya adana wasanni da zane-zane sama da 100,000, amma don kwamfuta aka yi shi.

Makarantu da cibiyoyin horaswa da ke riƙe da tsofaffin faya-fayan darasi za su gane na Flash ta hanyar sunan fayil ɗin. Wanda ya ƙare da .flv bidiyo ne zalla, manhajar VLC na buɗe shi, kuma ana iya sauya shi zuwa MP4. Wanda ya ƙare da .swf yakan ƙunshi maɓallai da tambayoyi, don haka sai da Ruffle, ko kuma a sake gina darasin da HTML5.

Tarkon Flash na bogi

Shekarun da mutane suka yi suna ganin saƙon sabunta Flash sun sa da yawa na dannawa ba tare da tunani ba, kuma masu kutse sun daɗe suna cin gajiyar wannan sabo. Manhajar ɓarna ta Flashback ta shiga kwamfutocin Mac kimanin 600,000 zuwa 2012, bayan ta fara yaɗuwa da sunan Flash. A Oktoba 2017 wata mai suna Bad Rabbit ta bi ta wannan hanya ta kulle kwamfutoci a Rasha da Ukraine, ciki har da na kamfanin dillancin labarai na Interfax da filin jirgin saman Odessa.

A Oktoba 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a kan FluBot, manhajar ɓarna da ke kama na'urorin Android. A farkon 2022 masana tsaro suka gano tana yaɗuwa a Turai da sunan Flash Player. Saƙon tes ne ke zuwa ɗauke da adireshin wani bidiyo, idan aka danna sai a ce sai an sanya Flash. Da zarar an sanya, manhajar kan nemi izinin sarrafa allo da karanta saƙonni, ta ɗora shafin bogi a kan manhajar banki, ta kwashe lambobin sirri, sannan ta tura kanta ga lambobin da ke cikin na'urar. Hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta sanar da wargaza cibiyar FluBot a Yuni 2022, amma dabarar ba ta mutu tare da ita ba.

Abin da ya kamata mai tabilet ya sani

Duk shafi ko saƙon da ya ce sai an sanya ko an sabunta Flash Player, abin yi shi ne a rufe shi. Fayil mai ƙarewa da .apk da aka turo ta WhatsApp ko Telegram ko tes da sunan manhajar kallon bidiyo, bai kamata a buɗe shi ba ko da daga ɗan uwa ya fito, domin wataƙila na'urarsa ce aka riga aka kama. Wanda ya riga ya sanya irin wannan manhaja ya katse intanet, ya sanar da bankinsa ta wata wayar, ya sauya kalmomin sirri, sannan ya mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani.

Idan bidiyo ya ƙi buɗuwa a sahihin shafi, galibi dalilin tsufan burauza ne ko na na'urar. Matakin farko shi ne sabunta burauzar daga Google Play ko App Store. Tabilet mai Android da bai kai 7.1.1 ba na iya ƙin buɗe shafuka da dama tun daga 2024, saboda bai san sababbin takardun shaidar tsaro da shafukan ke amfani da su ba. Masu sayen na hannu a kasuwa ya dace su duba lambar Android ko iPadOS kafin su biya kuɗi.

Mai niyyar kallon finafinai a manhajoji irin su Netflix, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairu 2016, ya tambayi matakin Widevine na na'urar. Mai matakin L1 ce ke nuna hoto mai cikakken inganci, mai L3 kuwa ba ta wuce matsakaici komai girman allonta, kuma tabilet masu araha da yawa a L3 suke.

Sai batun data. A ƙiyasin Netflix, awa ɗaya ta kallo a mafi ƙarancin inganci na cin kimanin gigabait 0.3, a babban inganci kuma tana iya kaiwa gigabait 3. Tsarin da ke daidaita bidiyo da ƙarfin intanet kan zaɓi mataki babba idan ya samu hanya, don haka mai son datarsa ta yi auki sai ya shiga saiti ya zaɓi 360p ko 480p da kansa, ko ya sauke bidiyon lokacin da yake kan Wi-Fi ya kalla daga baya.